Ranar da Iska Ta Juya

Muna gode wa masu shirya wannan littafi da suka ba mu fili, suka roƙe mu mu rubuta abin da zai amfani ɗalibai masu fita da waɗanda suka rage. Mun daɗe muna tunani, sa'an nan muka ga ya fi kyau mu ba da labarin wani abin da ya faru a kan idonmu, wanda kuma muke da hannu a cikinsa. Labarin wani ƙaramin jirgin sama ne da iska. Ba mu cika ba da shi ba, gama ba labari ne da zai sa a yabe mu ba.

Sa'ad da muka gama kwalejin horon malamai, sai aka tura mu koyarwa a wata tashar mishan can cikin daji. Mu 3 ne sababbin malamai a shekarar, dukanmu samari. A tashar akwai majami'a, da makaranta, da ɗakin shan magani mai gadaje kaɗan, da kuma filin jirgi. In mun ce filin jirgi kada ku tuna da na Kano ko na Jos. Wani dogon fegi ne na jar ƙasa da ciyawa, tsawonsa wajen mita 700, ya miƙe daga gabas zuwa yamma, an jera fararen duwatsu a gefensa. A ƙarshensa na gabas akwai manyan itatuwan tsamiya, a na yamma kuwa akwai wani ɗan kwari, bayansa gonar dawa. Daga tashar zuwa babban asibiti tafiyar awa 7 ce a mota da rani, da damina kuwa sai yadda hali ya yi. A jirgi ba ta kai awa 1 ba.

Irin waɗannan filaye sun daɗe a aikin bishara. A shekara ta 1945 wasu matuƙan jirgi Kirista da suka fito daga yaƙin duniya na biyu suka kafa ƙungiyar da ake kira MAF. Wata mace mai suna Betty Greene ita ce ta tuƙa jirginsu na fari a ƙasar Meziko a 1946, daga baya kuma ta yi aiki a Nijeriya da Sudan. Asibitin Galmi da ke Jamhuriyar Nijar, wanda aka buɗe a 1950, shi ma yana da nasa filin. Jirgin da yakan zo mana mai inji ɗaya ne, da farfela ɗaya a hanci, da kujeru 6. In za a ɗauki marar lafiya sai a cire kujerun baya a kwantar da shi. Matuƙinsa kuwa mutanen gari ba su damu da sunansa ba, Mai Jirgi suke ce masa.

Da yake mu ne ƙanana cikin ma'aikata, sai aka danƙa mana kula da filin. Kowace Asabar mukan fito da ɗalibai da langalanga a sare ciyawa, a rushe shurin gara, a cike ramuka. Ranar da jirgi zai zo mukan kori awaki da shanu. A hannunmu kuma oba-oba take, wadda ke aiki da batirin mota a ofishin makaranta, da ita muke gaya wa matuƙi yadda gari yake. Abu na ƙarshe shi ne buhun iska. Wani yadi ne ja da fari, an ɗinka shi kamar ƙafar wando, baki ɗaya mai faɗi, ɗaya ƙarami, an rataye shi a kan dogon ƙarfe a gefen fili. In iska ta shiga cikinsa sai ya miƙe, matuƙi kuwa tun daga sama zai ga inda iska ta fito da irin ƙarfinta. A lokacin mun ɗauka wannan shi ne mafi ƙanƙanta cikin ayyukanmu.

Kafin mu shiga labarin, bari mu bayyana abin da ya sa iska take da muhimmanci haka, domin mu ma sai daga baya muka gane. Duk wanda ya lura da shamuwa sa'ad da za ta sauka a kan itace zai ga takan juyo ta fuskanci iska, ta buɗe fukafukai, ta sauka a hankali. Jirgi ma haka yake. Abin da yake riƙe shi a sama shi ne iskar da take wucewa ta kan fukafukansa, ba ruwan fukafukan da gudun da ake yi bisa ƙasa. A ce ƙaramin jirgi yana bukatar iska ta riƙa wuce shi da gudun kilomita 120 a awa sa'ad da yake gangarowa. In iska tana busowa daga gabansa da gudun kilomita 20, to, zai iso ƙasa da gudun 100 kawai. In kuwa wannan iskar ta koma bayansa, zai iso da gudun 140. 'Yan ajin kimiyya sun san cewa ƙarfin abu mai gudu yana tafiya ne da gudun sau kansa. 100 sau 100 ya ba da 10,000, amma 140 sau 140 ya ba da 19,600. Watau aikin da birki zai yi ya kusa ninkawa, alhali fili bai ƙaru ko da taku ɗaya ba.

Masu ƙera jirage sun rubuta wannan a littafin kowane jirgi. A littafin Cessna 172, wanda ɗalibai da yawa suke koyon tuƙi da shi a duniya, an nuna cewa iskar gaba mai gudun wajen kilomita 17 a awa takan rage nisan sauka da kashi 10 cikin 100. Amma iskar baya da ba ta kai kilomita 4 ba ta isa ta ƙara kashi 10 cikin 100. Iskar baya ta kilomita 18 ko 19, wadda ba ta fi ta kaɗa riga a kan igiyar shanya ba, za ta ƙara rabin nisan gaba ɗaya. Ga kuma iskar gefe, mai tura jirgi waje da hanyarsa. Saboda ita matuƙi yakan karkata hancin jirgi wajen iska ya zo a kaikaice kamar ƙaguwa, ko ya sunkuyar da fiffike ɗaya ya fara taɓa ƙasa da ƙafa ɗaya. Iskar gefe mafi ƙarfi da aka gwada wannan jirgi a cikinta wajen kilomita 28 ce a awa, buhun iska kuwa an yi shi domin ya miƙe sak a daidai wannan ƙarfi. Ashe yadin nan da muka raina ma'auni ne.

Mu a ƙasar nan iskokinmu manya guda 2 ne. Da hunturu iska takan fito daga arewa maso gabas da hazo, da damina kuma daga kudu maso yamma da laima. Shi ya sa manyan titunan jirgi na Kano da na Abuja suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Amma da bazara, wajen watan Afrilu da Mayu, iskokin nan biyu suna kokawa. Gari yakan waye da 'yar iskar yamma, da la'asar kuma hadari ya taso daga gabas. Kowane ɗan manomi ya san iskar nan mai sanyi da ƙura wadda takan riga ruwa isowa, wadda take sa mata su fito da gudu su kwashe shanya. Ruwan da ke cikin hadari ne yake sanyaya iska, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa, ta bazu kamar ruwan da aka sheƙa daga bokiti a kan siminti. Tana iya yin gaba da hadarin da kilomitoci da yawa, ta juya iskar wuri cikin minti ɗaya.

To, wata rana a ƙarshen Afrilu aka kawo wata mata ɗakin shan magani, ta kwana 2 tana naƙuda. Ungozoma ta duba ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai an yi fiɗa. Wajen ƙarfe 12 na rana muka kira ta oba-oba. Aka ce jirgi yana wani wuri amma zai iso da la'asar. Mai Jirgi da kansa ya tambaye mu yadda gari yake, muka leƙa ta taga muka ce masa sama garau, iska kaɗan daga yamma. Gaskiya muka faɗa, haka yake a lokacin.

Abin da ba mu faɗa ba shi ne, buhun iska ya yage tun cikin hunturu. Iska ta nannaɗe tsumman a jikin ƙarfe, ya zama ba ya nuna kome. Mun sha cewa za mu sauke shi mu kai wa tela, ran kasuwa ta zo ta wuce, jarrabawa ta zo ta wuce. Akwai kuma ƙa'ida da aka koya mana, cewa in buhu ya lalace sai a hura wuta a gefen fili a zuba ɗanyen ganye, hayaƙi ya nuna wa matuƙi iska. Ran nan hankalinmu duk yana kan ɗauko matar a kan gadon kara zuwa bakin fili, da korar dabbobi, da hana yara shiga. Ba wanda ya tuna da wuta.

Wajen ƙarfe 4 gari ya yi tsit, zafi kamar ana gasa mutum. Da muka waiwaya gabas sai ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, amma da sauran nisa. A daidai lokacin muka ji ƙarar jirgi daga yamma. Ya zo ya ratsa ta kan fili yana duba mu. Mun san abin da yake nema, bai kuwa samu ba, ba buhu, ba hayaƙi. Sai ya yi aiki da labarin da muka ba shi tun awa 4 da suka wuce. Ya tafi gabas ya juyo, domin ya sauka yana fuskantar yamma.

Yana juyowa, sai muka ji sanyi a ƙeyarmu. Ganyen tsamiya ya fara zuba, ƙura ta taso daga gabas tana bin fili. Wata tsohuwa ta ce, "Ga ruwa nan." Mu 3 muka dubi juna. Dukanmu mun san iska ta juya, mun kuma san ko ba mu iya lissafinta ba, ba ita ce muka faɗa masa ba. Ofis yana da ɗan nisa, amma mai gudu zai iya kaiwa ga oba-oba. Akwai kuma alama da aka koya mana, mutum ya tsaya a gefen fili yana kaɗa farin zane sama da ƙasa, ma'anarta kada a sauka. Ba mu yi ko ɗaya ba. Mun daɗe muna tambayar kanmu dalili. Amsar ita ce, matar tana nishi a gabanmu, muna so ya sauka, muka bar son zuciyarmu ya rufe abin da fatarmu take ji.

Jirgin ya wuce tsamiya ya gangaro. Inda ya saba taɓa ƙasa, wajen duwatsu na fari, bai taɓa ba. Ya yi ta shawagi dab da ƙasa kamar wanda ake turawa, ya wuce mu da gudun da ba mu taɓa ganinsa da shi ba. Sai da ya wuce tsakiyar fili ƙafafunsa suka dira. Muka ji ƙarar birki, ƙura ta turnuƙe. Ya cinye sauran filin, ya faɗa kwarin nan, ƙafar gaba ta karye, hancinsa ya kafe a tsofaffin kunyoyin gona, jelarsa ta ɗaga sama. Injin ya mutu. Ba abin da ake ji sai iska da kukan mata.

Muka ruga. Allah ya sa wuta ba ta tashi ba. Mai Jirgi ya fito da jini a goshi, nas ɗin da ya ɗauko kuma ta karye a wuyan hannu. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Ina marar lafiyar?" Kafin a jima ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Aka nemo wata a-kori-kura aka shimfiɗa katifa a baya, aka rufa tamfol, suka kama hanya cikin dare da taɓo. Sai da gari ya waye suka isa asibiti. Likitoci suka ceci uwar, amma jaririn ya riga ya rasu a ciki.

Ba mu da ikon cewa da jirgin ya sauka lafiya da yaron ya rayu, wannan sanin Allah ne. Amma da muka je yi wa mijin gaisuwa, ya kama hannunmu ya ce, "Malamai, ai kun yi ƙoƙari, Allah ya sāka muku," sai muka rasa inda za mu sa fuskarmu. Da zagi ya yi mana da ya fi mana sauƙi.

Mutanen gari kuwa suka ce iskokin tsamiya ne suka ture jirgin, gama an daɗe ana cewa itatuwan nan suna da masu su. Baba Fasto ya amsa musu ran Lahadi ya ce lalle iska ce, amma irin wadda Allah ya halitta take kawo mana ruwa, ba wadda ake yanka wa kaza ba. Ya ce tsakanin hadari da haɗari ɗan lanƙwasa ne kawai a kan harafi ɗaya, mutum ne kuwa yake sa lanƙwasan da hannunsa. Muna zaune a bencin malamai kanmu a sunkuye.

Bayan kwana 3 Mai Jirgi ya dawo da makanikai domin su kwance fukafukan a ɗora jirgin a babbar mota. Da yamma muka same shi a gindin tsamiya, muka faɗa masa duka: zancen buhu, da wuta, da yadda muka ji iska ta juya muka yi shiru. Ya saurare mu har muka gama. Sa'an nan ya ce, "Malamai, naku ke nan, na kuwa gafarta. Yanzu ku ji nawa." Ya ce tun yana kan tsamiya ya ga ƙasa tana gudu a ƙarƙashinsa fiye da yadda ta saba. Da ya wuce duwatsu na fari bai taɓa ƙasa ba, ya san abin da aka koya masa tun ranar farko a makarantar tuƙi: a ba inji wuta duka, a tashi, a kewayo, a sake dubawa. Hannunsa yana kan totur. Amma ya tuna da matar, ya tuna hadari yana matsowa, ya ce a ransa bari dai ya lallaɓa. Ya ce shakkarsa ba ta fi daƙiƙa 5 ba. Daga baya muka yi lissafi a kan allo: mai gudun kilomita 140 a awa yana cin kusan mita 39 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa 5 kusan mita 200 ke nan, fiye da rubu'in filinmu.

Muka tambaye shi, to da ya tashi, ina amfanin matar? Ya ce da ya kewayo ya sauka ta ɗaya gefen yana fuskantar gabas, iskar da ta kāda shi ita ce za ta taimake shi tsayawa, minti 3 kawai zai ƙara. In kuma hadarin ya riga shi, da ya ja gefe ya jira ya wuce, ko ya koma ya dawo da asuba da jirgi lafiyayye. Ya ce da ya matsa domin ya ceci mutum 1, sai ya bar mutanen tashoshi da yawa ba jirgi har wata da watanni.

Wannan ba matsalar ƙananan jirage kaɗai ba ce, ko da yake su iska ta fi wasa da su saboda rashin nauyi da ƙarancin gudu. A 1975 wani babban jirgi ya faɗi yana shirin sauka a birnin Niyok na Amurka cikin hadari, mutum 113 suka mutu. Wani masanin yanayi haifaffen Japan mai suna Fujita, na Jami'ar Shikago, ya bincika ya gano wata irin iska mai faɗowa daga hadari da ƙarfi, faɗinta bai kai kilomita 4 ba, ba ta kuma wuce 'yan mintoci. Jirgin da ya shiga cikinta yakan fara samun iska a gaba ya ɗaga, matuƙi ya rage wuta, sai ta danna shi ƙasa, sa'an nan ta koma bayansa ta janye abin da yake riƙe fukafukansa. A ƙasarmu ma mun sha wannan ɗaci. Ran 10 ga Disamba 2005 jirgin Sosoliso ya faɗi yana sauka a Fatakwal cikin ruwa da iska, mutum 108 suka rasu cikin 110, a cikinsu har da ɗalibai 60 na makarantar Loyola ta Abuja, yara kamarku masu tafiya hutun Kirsimeti. Masu bincike sun ce matuƙan sun ci gaba da gangarowa bayan sun wuce inda ya kamata su fasa tun da ba su ga titin ba, da suka yi niyyar tashi kuwa lokaci ya ƙure. Ran 29 ga Oktoba 2006 kuma jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja, sa'ad da iska ta juya masa cikin hadari. Mutum 96 suka rasu, har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Duk lokacin da muka ji irin wannan labari, sanyin nan na ƙeya yakan dawo mana.

Littafi Mai Tsarki ma ya ba mu irin wannan labari a Ayyukan Manzanni sura 27, ko da yake jirgin ruwa ne. Manzo Bulus yana ɗaure ana kai shi Roma, suka tsaya a wata mashigi a tsibirin Karita. Ya gargaɗe su kada su ci gaba domin lokacin tafiya ya wuce, amma jarumin sojan ya fi jin maganar matuƙi da mai jirgin. Da suka ga wata 'yar iska mai laushi ta taso daga kudu, suka ɗauka bukatarsu ta biya, suka tashi. Ba su yi nisa ba iska ta juya ta zo daga arewa maso gabas da ƙarfi, ta yi ta kora su har dare 14. Mutum 276 ne a ciki. Allah ya ba Bulus rayukansu duka, amma jirgi da kaya sun hallaka a bakin tsibirin Malita. Iskar kudun nan ba ƙarya ba ce, ta busa da gaske, kamar yadda iskar yammarmu ta ƙarfe 12 ta busa da gaske. Kuskurensu da namu ɗaya ne, muka ɗauka iskar da ta yi mana daɗi za ta dawwama.

Da aka kawo wani jirgi bayan damina, mun riga mun ɗinka buhu 2, ɗaya a kan ƙarfe, ɗaya a ajiye a ofis. Muka sa ɗalibi a bakin oba-oba da wani a gindin ƙarfen, duk abin da buhu ya yi a faɗa wa matuƙi har ƙafafunsa su taɓa ƙasa. Wata rana cikin hunturu iska tana ta kaɗawa tana tsayawa, ga guguwa tana yawo a fili. Mai Jirgi ya gangaro har dab da ƙasa, sai muka ji inji ya yi ruri, ya tashi. Ya kewayo, ya sake gangarowa, ya sake tashi. Yara suka fashe da dariya suna cewa yau Mai Jirgi ya manta sauka. Muka tsawata musu. A karo na 3 ya sauka a kan duwatsu na fari, ya tsaya tun bai kai tsakiya ba. Da ya fito Baba Fasto ya tarye shi ya ce, "Sannu ɗana, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne." Ran nan ya ɗauki wani yaro da maciji ya sara, yaron kuwa ya warke.

Ya ku ɗalibanmu, musamman ku 'yan aji 6 masu fita, ba mu ba ku wannan labari domin ku ji tsoron shiga jirgi ba. Wataƙila a cikinku akwai wanda zai zama matuƙi, muna kuwa fatan haka. Abin da muke so ku riƙe shi ne, kowannenku yana fita da shirin da ya yi bisa ga yadda ya ga gari da safe. Wani ya ƙudura sai likita, wata ta riga ta ba da alkawarin aure, wani an yi masa alkawarin aiki a birni ko hanyar fita waje. Shiri ba laifi ba ne, matuƙi ma ba ya tashi sai da shiri. Amma in kun matso kusa, ku sake duban buhu. In sakamakon jarrabawa ya nuna wani abu dabam, in halin mutumin da kuka amince da shi ya sake, in aikin da aka kira ku ya zama sai da ƙarya ko cin hanci, kada ku ce ai mun riga mun zo nan, ai an riga an kashe kuɗi, ai mutane suna kallo. Mun ga ɗalibai da suka ji kunyar maimaita aji ko sake rubuta jarrabawa, suka nemi satar amsa, suka rasa shekarar da sunansu gaba ɗaya. Mun kuma ga waɗanda suka haƙura suka kewayo, yau suna riƙe da gidajensu.

Mu kuma malamai da iyaye da dattawan ikkilisiya, mu ne mutanen ƙasa masu riƙe da buhu da oba-oba. Yara suna dogara ga abin da muka faɗa musu. In shawarar da muka ba yaro bara ba ta dace da bana ba, sai mu kira shi mu gyara, ko da zai nuna mun yi kuskure. In mun ga ɗan wani yana gangarowa da iska a bayansa, kada mu dubi juna mu yi shiru domin muna so abin ya yiwu. Mu mun yi haka sau ɗaya, mun kuwa san abin da ya biyo baya.

Filin nan yanzu ya zama gona, gama an yi hanyar kwalta ta kai garin. Da muka ziyarci tashar shekarun baya, mun tarar ƙarfen buhun yana nan tsaye a tsakiyar dawa. Matar nan ma tana nan da ranta, Allah ya ba ta waɗansu 'ya'ya, ta kawo mana ruwa da gyaɗa. A wannan zuwa ne muka iya faɗa mata da mijinta abin da muka kāsa faɗa a ranar gaisuwa. Suka yi shiru, sa'an nan mijin ya ce mu yi addu'a, shi ne kuwa ya yi ta.

Muna yi wa dukan masu fita fatan alheri. Ubangiji wanda iska da teku suke yi wa biyayya ya kiyaye fitarku da shigarku, ya ba ku idon ganin iska in ta juya, da tawali'un kewayowa. Amin.